Ni nake lallashin masu damuwa, ga shi ni ma ba na barci

Wannan wasiƙa ta zo ne daga wata ƙaramar hukuma a jihar Jigawa. Na cire sunan garin da duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, shekarata 36, da aurena da 'ya'ya huɗu. Shekara biyar ke nan da aka tura ni kwas kan larurar ƙwaƙwalwa. Tun daga nan duk wanda ya zo asibitinmu da damuwa, ko mai jegon da ta ƙi jaririnta, ko yaron da ƙwaya ta taɓa, ɗakina ake nuna masa. Ranar Alhamis nakan ga mutum ashirin. Wanda ya fi ƙarfina sai in rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. To Anti, tun bayan rasuwar mahaifina bara na kasa gane kaina, wata shidan nan kuwa abin ya yi tsanani. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, ba na komawa. Abinci sai na tura. In na sallami mara lafiya sai in shiga banɗaki in yi kuka, in wanke fuska, in kira na gaba. Wata uku ke nan ina shan ƙwayar barci ta dayazafam da kaina, na fara da ƙwaya ɗaya, yanzu biyu. Makon jiya na daka wa wata baiwar Allah tsawa don tana ta maimaita magana ɗaya. Maigidana ya ce iska ce, ya karɓo min rubutu. Surukata ta ce rashin godiya ne, ga albashi ga 'ya'ya. Wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kada in tashi. Ba zan iya zuwa Kazaure ba, can nake tura mutane, sun san rubutun hannuna. In maganar ta fita a garin nan wa zai sake zama a gabana? Shin munafunci nake yi? Ko in ajiye aikin ne?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ke kuma Allah ya ba ki lafiya. Da gangan na ce lafiya, domin ba ki da ita, kuma kin fi ni sani.

Akwai layi ɗaya da kika cusa tsakanin maganar surukarki da ta Kazaure, kamar mai ƙulle kuɗi a bakin zane don kada a gani: da ma ki kwanta kada ki tashi. Na gani. Da wata ce ta faɗa miki haka ranar Alhamis, na san abin da za ki yi. Za ki ajiye biro, ki gyara zama, ki tambaye ta a hankali ko fata ce kawai irin ta wanda ya gaji, ko ta fara tunanin hanya. Ki yi wa kanki wannan tambayar yau, ki kuma ba kanki amsar gaskiya. In har tunanin ya kai ga hanya, ko da sau ɗaya ne, kada ki jira sauran abin da zan faɗa. Ki sanar da maigidanki ko wata 'yar'uwarki a daren nan, ki damƙa masa ƙwayoyin da ke jakarki, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga gidan, gobe da sassafe a kai ki asibiti. Ko da bai kai nan ba, ban yarda ki ci gaba da riƙe wannan magana ke kaɗai ba.

Sauran alamomin kuwa kamar daga littafin kwas ɗinki kika kwafo su. Farkawa cikin dare, rashin cin abinci, kuka, saurin fushi. Ke da kanki kike gaya wa mutane cewa in irin wannan ya wuce mako biyu kullum, ya tashi daga ɓacin rai ya zama ciwo. Naki ya yi wata shida. Baƙin cikin rasuwa yana zuwa ne yana lafawa, mutum ya tuna ya yi hawaye, an jima a ba shi labari ya yi dariya. Wanda ya zauna daram, ya hana barci, ya hana jin daɗin komai, ya fara raɗa wa mutum cewa ba shi da amfani, wannan sai likita.

Kin tambaya ko munafunci kike yi. A'a. Munafuki shi ne mai faɗar abin da bai yarda da shi ba, ke kuwa kin yarda da abin da kike gaya wa matan nan, har kin ga wasu sun warke a hannunki. Ungozomar da ta yanke cibiyar rabin 'ya'yan gari, ranar da naƙuda ta kama ta wata ake kirawo mata, kuma ban taɓa jin an ce ta yaudari kowa ba. Wanzami komai gwanintarsa ba ya iya kafa wa kansa ƙaho a gadon baya, hannunsa ba ya kaiwa. Sai dai fa Bahaushe ya riga ya gano mu, mu ma'aikatan lafiya, da ya ce wanzami ba ya son jarfa. Mun iya tsaga wasu, in aka zo kanmu sai mu ce ai da sauƙi.

Na san abin da kike ji a kunnenki tun ba a faɗa ba. Za a ce in da ungulu na da maganin sanƙo da ta yi wa kanta. Wasu za su faɗa, ba zan rufe ki ba. Amma bari in ba ki labarin mata biyu da duk masu wannan aiki a duniya suka sani.

Marsha Linehan ta yi aikin farfesa a Jami'ar Washinton ta Amurka. Ita ta tsara wata hanyar jinya ta zama da tattaunawa da ake yi wa masu yanka jikinsu da masu yawan yunƙurin kashe kansu, hanyar da yanzu ake koyarwa a ƙasashe da dama. A 1961, tana 'yar shekara 17, an kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali har wata 26, tana yanka hannuwanta, tana ƙona kanta da sigari. Ba ta bayyana wa duniya ba sai a 2011, tana da shekara 68, kuma a wannan asibitin da aka taɓa kulle ta ta tsaya ta yi bayanin. Ta biyun, Kay Jamison, farfesa ce a Jami'ar Johns Hopkins, tana cikin manyan masana ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya yi ta zumuɗi ba barci, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani. Ita ma ciwon gare ta. Ta sha daina shan maganinta, har ta taɓa yunƙurin kashe kanta, kafin ta haƙura ta riƙe magani. A 1995 ta fito ta faɗa. Abin da ya fi burge ni a labarinta bai cika yawo ba: tun kafin ta sanar da duniya, likitocin da take aiki tare da su sun sani, kuma ta ba su dama in sun ga hankalinta ya fara karkata a kan marasa lafiya su taka mata birki.

Ban kawo su don in ce ciwo ne ke sa mutum ya ƙware ba. Ana yawan faɗar haka, ni kuwa ban gamsu ba. Wanda ya yi ciwo aka yi jinyarsa ya tashi, shi ne yake da abin da littafi ba ya koyarwa. In mai jego ta ce masa dare ya fi rana tsawo, ya san me take nufi. Wanda nasa ciwon ke ɗanye kuwa, kunnensa na wajen mara lafiya, zuciyarsa na wajen mikinsa. Tsawar da kika daka wa matar nan daga nan ta fito.

Yanzu maganar ƙwaya, wadda ta fi komai tayar min da hankali bayan wancan layin. Dayazafam ba ya maganin ciwon damuwa. Yana kwantar da mutum ne kawai, shi ya sa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan sa. Ke kin yi wata uku, kuma ɗaya ta daina isarki. Kin san sunan wannan, domin shi kike bayyana wa iyayen yaran da ake kawo miki, masu shan abin da suke kira D5. Ƙwayar ɗaya ce, ƙanwata, farin kaya ba ya canza ta.

Na taɓa aiki da wani bawan Allah a wani asibitin karkara, mutum mai hannu, wanda jijiyar jariri ba ta taɓa gagararsa. Matarsa ta rasu wajen haihuwa. Bayan sadakar bakwai ya dawo aiki, muka yi ta yaba masa tawakkali. Da ƙwayar barci ya fara, daga nan ya koma allurar kashe raɗaɗi. Abin da na fi tunawa shi ne rigarsa: ana tsakiyar bazara, zufa na karyo wa kowa, shi kuwa dogon hannu ya ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Mun gani, mun yi shiru, muna cewa sirrinsa muke rufawa. Sai da lissafin allurai ya ƙi daidaita aka yi magana, lokacin kuwa an makara da shekara biyu. Har yau shirun nan yana damuna, shi ya sa ba zan yi miki irinsa ba.

Amma kada ki karanta wannan ki watsar da ƙwayar a dare ɗaya. Jikin da ya saba da ita wata uku, in aka yanke masa kwatsam, yana iya kawo rawar jiki, firgici, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake rage ta, kuma likita ne zai tsara, ba ke ba. Kada kuma ki ce bari ki musanya da maganin damuwa na amitiriftilin tunda kin san adadin da ake bayarwa. Mai irin tunanin da kika ambata bai kamata wannan magani ya taru a ɗakinta ba, kin san dalili.

Kin ce ba za ki je Kazaure ba. Na karɓi uzurinki, ba dole sai can ba. Ga Kano. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Mace ta ce za ta Kano ganin likita a asibitin Malam, ba wanda zai tambaye ta wane ɗaki za ta shiga. Masu ciwon ido da masu hawan jini duk mota ɗaya suke hawa. In Kano ma ta yi miki kusa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

In kin je, ki je a matsayin mara lafiya. Ki bar farin kaya a gida, ki yanki kati, ki bi layi. Kada ki shiga ki ce wa likita ga abin da ke damunki da harshen asibiti, ga kuma maganin da kike ganin ya dace. Mun iya wannan, kuma da shi muke rufe bakin likita kafin ya yi mana tambayar da muke gudu. Ki faɗa da Hausarki yadda kika faɗa min. Ki faɗi ƙwayar, da adadinta, da inda kike samunta. Ki faɗi maganar kwanciya kada ki tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki roƙa a duba jininki da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo kasala da mutuwar jiki da ke kama da ciwon damuwa. In kina shayarwa ko kina zaton ciki, ki ce. Sannan ki tuna abin da kike nanata wa wasu: maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a ajiye shi ranar da aka ji sauƙi, ana ci gaba da shi watanni bayan an warware. Ma'aikatan lafiya mun fi kowa karya wannan doka.

Batun ajiye aiki, ban goyi baya ba. Mai wannan ciwo ba ya yanke babban hukunci, domin ciwon ne ke riƙe da ma'aunin. Komai naki zai nuna miki shi a matsayin gazawa. Ki ajiye takardar barin aiki, ki ɗauko ta hutu. Hutun shekararki ko takardar hutun jinya daga likitan da ya gan ki, ko da mako uku ne ko huɗu. A yadda kike yanzu, da barcin da ke yankewa ƙarfe uku na dare da ƙwaya biyu a jiki, ina ganin zaman Alhamis ya dakata har likita ya ce ki koma. Haƙƙin matan nan ne su samu wadda hankalinta ke tare da su, kuma kuskuren rubuta magani ba ya jiran mutum ya warke.

In kin koma, kada ki koma wa tsarin da ya kayar da ke. Mutum ashirin a yini, kowa da kayan baƙin cikinsa, ya sauke a gabanki ya tafi. Wannan ta rasa ɗa, wannan ruwa ya cinye gonarsa ga bashin taki, wannan mijinta ya yi tafiya ci-rani shekara biyu ba aike. Shekara biyar kina kwasa, ina kike zubarwa? A inda aikin nan ya kafu, mai sauraron matsalolin mutane yana da na gaba da shi da yake zama da shi lokaci-lokaci, su tattauna marasa lafiyar da suka tsaya masa a rai. Mu a nan an ba ki kwas, an ba ki ɗaki da benci, an ce Allah ya taimaka. Ban ga laifin kwas ɗin ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, irin wannan ƙarancin a ƙasashe da dama ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don a koya wa irinku ku riƙe abin da za ku iya a matakin farko. Amma shirin da kansa ya tanadi a riƙa bibiyar wanda aka horar ana tallafa masa, kuma wannan ɓangaren ne yake fara faɗuwa a hanya. Ki nemi a raba ranar gida biyu. Ki ja wata cikin ma'aikatan ki koya mata. Ki nemo lambar ɗaya daga waɗanda kuka yi kwas tare, ku sa ranar waya ko sau biyu a wata, ba tare da ambaton sunan mara lafiya ba.

A wurin aiki mutum ɗaya ya isa ya sani, wanda kika yarda da bakinsa, zai fi kyau in na gaba da ke ne. Ki ba shi izinin da Jamison ta ba abokan aikinta: in ya ga kin fara zamewa ya faɗa miki a fuska. Akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta hana nuna wa mai wannan larura bambanci a wurin aiki, ta kuma wajabta rufe sirrinsa. Ki san da ita. Sai dai ni da ke mun san matan bakin rijiya ba sa karanta doka, don haka ki zaɓi kunnen da za ki zuba wa magana.

Marasa lafiyarki kuwa, kada ki gaya musu yanzu. Wata rana, bayan kin warke sarai, wataƙila wata mai jego ta ce miki ba wanda zai gane abin da take ji, ki ga cewa kalma ɗaya daga gare ki za ta sa ta karɓi magani. Wannan hukuncinki ne a lokacin. Amma yau in kika buɗe baki, ita za ta koma tana ba ki haƙuri, ta tafi gida da kayanta da naki.

Maigidanki bai yi laifi ba. Ya ga matarsa na ramewa, ya nufi inda ya sani. Ki sha rubutun, ki yi masa godiya, sannan ki ce ya raka ki Kano. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ki bar shi ya shiga wajen likita tare da ke ko na minti biyar ne. Namiji yakan karɓi magana daga bakin likita wadda ba zai karɓa daga bakin matarsa ba, ko da matar ta fi likitan iya bayani. Kuma shi ne zai riƙe miki maganin a farko.

Surukarki kuma kada ki ja da ita, ba za ki ci riba ba. Amma don zuciyarki: Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya faɗa, kuma ba a kira shi marar godiya ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, tun a wancan zamani ya raba baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Albashi da 'ya'ya huɗu ba sa hana hawan jini, ban ga yadda za su hana wannan ba.

Saura matar da kika yi wa tsawa. Na san tana cikin abin da ke tashinki ƙarfe uku. Kafin ki tafi hutu ki duba katinta, ki aika a kira ta, ko ki sa ido ranar da za ta dawo karɓar magani. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce, "Baba, ki yafe min, ranar nan ban kyauta ba, ba ni da lafiya ne." Ki gaya mata wanda zai riƙa ganinta kafin ki dawo, don kada ta zo ta tarar da ƙofa a rufe ta ɗauka saboda ita ce.

Ki sake rubuto min in kin dawo daga Kano. Ki faɗa min ranar da likita ya ce ki koma, da wanda ke riƙe da ƙwayoyin.